Masuncin Da Aka Hana Shiga Ruwa

Ko da zan manta da duk abin da na taɓa rubutawa, ba zan manta da daminar da mutanen unguwarmu suka ƙwace mini labari daga hannu ba, ina ji ina gani, kuma mahaifiyata ce uwar tafiyar.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Haɗeja. Rubutu sai bayan sallar asuba, kafin yara su tashi su mayar da gidan kasuwa. Na riga na fitar da littattafai, irin waɗanda ban da ni da mai ɗab'i babu wanda zai rantse ya karanta su har ƙarshe. Sai wata rana wani abokina ya nuna mini wasa a wayarsa. Labari ne, kana cikin karantawa sai ya tsaya ya tambaye ka: za ka buɗe ƙofar ko za ka gudu? Abin da ka zaɓa shi zai kai ka gaba. Na ce ai wannan ba sai Bature ba. Na buɗe guruf a waya, na zuba 'yan uwa da abokan aiki da tsofaffin ɗalibaina, na naɗa ƙanwata ta riƙa shigar da masu so. Kullum da safe in saka kashi ɗaya, in rufe shi da zaɓi biyu, wanda ya fi ƙuri'a kafin la'asar shi zan bi washegari. Ni na kafa dokar da bakina, har da alƙawarin ba zan saɓa ba. Da na san abin da ke gaba da ban yi saurin baki ba.

Labarin wani masunci ne a bakin kogi. Ban gaya wa kowa ba, amma mahaifina nake rubutawa. Ina yaro aka yi wata ambaliya, ruwa ya fasa jinga ya tare mutane a gonakin shinkafa. Ya ɗauki kwale-kwalensa ya kwaso wasu, ya koma kwaso sauran, bai dawo da ƙafarsa ba. Duk rubutun da na yi a rayuwata kewaye-kewaye ne kawai, ina neman ƙofar da zan shiga in rubuta wannan ranar. Dabarata ita ce in bari masu karatu su saba da mutumin, su so shi, sannan da hannunsu su tura shi ruwa, su ji irin abin da muka ji. In ban kai shi ruwan nan ba, labarin bai da wani amfani a wurina.

Da farko komai ya tafi daidai. An zaɓa masa mata, an zaɓa masa inda zai kafa rumfar banda, har an yi musu a kan tarwaɗa zai kai wa surukinsa ko karfasa. Ina ta jin daɗi, ni ma yau ina da masu karatu. Sai na saukar da ruwan sama a labarin, na cika kogi, na ba da zaɓi: ɗaya, ya tafi duba jinga, biyu, ya zauna gida ya ɗinke komarsa ta kamun kifi. Aka zaɓi biyu. Na ce ba komai, gobe ma rana ce. Washegari na aiko masa da maƙwabci a guje, ruwa ya tare mutane. Ɗaya, ya ɗauki jirgi. Biyu, ya ce zazzaɓi yake yi. Aka zaɓi zazzaɓi.

Daga nan na shiga muzanta zaɓi na biyu, ko za su ji kunya. Ya tafi, ko ya sayar da kwale-kwalen gado? Ya sayar. Ya ari na wani ya tafi, ko ya ɓuya a bayan rumbu matan unguwa suna yi masa dariya? Ya ɓuya. Wata ma ta turo saƙon murya tana cewa, "Malam, gara a ce matsoraci da a ce marigayi." Jama'a, masunci guda, jarumin labari, ya shafe mako yana tsugune a bayan rumbu, ni kuma kullum da asuba ina zaune ina neman abin da zan rubuta a kan mutumin da ba ya yin komai. Shayina ya sha hucewa a gabana. Matata ta ce ko a makaranta ba ta taɓa jin ina tsaki haka ba.

Na kuma lura guruf ɗin yana ta kumbura da lambobin da ban sani ba. Ba sa gaisuwa, ba sa sharhi, biyu kawai suke dannawa su ɓace. Ranar da abin ya ishe ni, na hau adaidaita daga makaranta, mai tuƙin ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, yau ma biyu muka danna. Inna ta ce duk wanda ya danna ɗaya kada ya ƙara gaishe ta."

"Wace Innar?"

"Taku mana."

Na ce ya juya ya kai ni gidanmu. Na tarar da tsakar gida cike da mata ana turara shinkafa, ƙanwata na zaune a kan turmi tana karanta kashin ranar da ƙarfi, har da canza murya. Inna kuwa tana kan tabarma da faifai a gabanta, wayoyin matan unguwa jere a kai, ana miƙa wa ƙanwata ɗaya bayan ɗaya tana dannawa. Matar da ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ita ce ta kafa rumfar zaɓe a gidan ubana.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta doguwar magana da ni. In tana da saƙo, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da ina tsaye a wurin. Ni ma na bi hanyar, na dubi ƙanwata na ce, "Wannan ai ba zaɓe ba ne, taron dangi ne. Kuna lalata mini aiki."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki gaya wa wancan, shi ya ce a zaɓa."

Matan suka kwashe da dariya, na fita raina a ɓace. Washegari na ce bari in ga ta inda za su ɓullo. Ɗaya, ya shiga jirgin aro shi kaɗai; biyu, ya shiga tare da maƙwabcinsa. Na aika, na tafi aji ina jin na yi maganinsu. Aka yi azahar, shiru. Aka yi la'asar, ko mutum ɗaya bai danna komai ba. Abokina da ya nuna mini wasan tun farko ma bai danna ba, da na kira shi sai ya ce, "Ka yi haƙuri, gidanku nake sayen shinkafa." Kwana da kwanaki guruf ɗin kamar an share shi. Doka ta ce sai da ƙuri'a zan ci gaba, ga shi babu ƙuri'a, masuncina yana tsaye a bakin ruwa da ƙafa ɗaya a sama.

Na koma gidanmu da yamma, na sami Inna da ƙanwata su biyu, Inna tana tsintar shinkafa. Wannan karon ban yi kwana-kwana ba. Na ce wa ƙanwata, "Labarin nan ba na wasa ba ne. Baba nake rubutawa. Ina da haƙƙin in faɗi yadda ya tafi."

Inna ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, "Ki gaya masa na san ko wane ne tun ranar da kika karanta cewa mutumin yana cusa hularsa a aljihu kafin ya hau jirgi. Duk bakin kogin nan mutum ɗaya ne yake haka." Ta ture faifan gefe. "Ranar ambaliyar nan da ya sauke mutanen farko ya shigo shan ruwa, na riƙe masa sandar tuƙi a bakin zaure na ce kada ya koma. Ya yi dariya ya zare hannuna. Babu wanda ya tambaye ni ɗaya ko biyu. Yanzu an tambaye ni, na ce ya zauna."

Ƙanwata ba ta maimaita mini ba, kuka take yi. Ni kuwa na ajiye duk bayanin da na tanada a kan yadda ake gina labari.

"Ki ce ya bar mini shi ya tsufa," in ji Inna. "Ina so in ga yadda furfura za ta yi masa."

Da asuba na janye zaɓin nan. Na turo masu jirgin inji suka kwaso mutanen gona, na mayar da masuncin gida. Daga nan na shiga aikin da ban taɓa shiryawa ba, wato tsufar da mahaifina. Na sa masa ciwon gwiwa, na zubar masa da haƙora, na aurar masa da 'ya'ya. Kada ku zaci an bar ni na huta. Kusan kullum sai ƙanwata ta kira da gyara daga Inna: ba ya cin yaji haka, ba zai taɓa zama a majalisa yana surutu ba, kuma wa ya ce mini zai yarda ya riƙe sanda? Labarin ya yi ta jan ƙafa babu tudu babu gangare, ta fuskar sana'a shi ne mafi rauni a duk abin da na rubuta, kuma har gobe in na tuna mako gudan nan na bayan rumbu sai na yi tsaki. Ranar ambaliyar kuwa ban rubuta ta ba har yau.

Abin da na koya shi ne, in ka ce wa mutane su zaɓa, to ka shirya jin abin da ba ka so. Na kuma gane cewa mamaci ba na mutum ɗaya ba ne. Ni uba na rasa, na yi shekaru ina neman yadda zan faɗi tafiyarsa. Ita miji ta rasa, kuma duk shekarun nan abin da take nema shi ne wanda zai saurare ta in ta ce kada ya tafi.