Takardar Tambayoyina a Hannun Baba

A shekara ta biyu ta karatun digirina na uku na dawo Zuru da akwatin tufafi guda, da wata jaka cike da takardun tambayoyi. Ilimin zamantakewa nake karantawa a wata jami'a a Turai, kuma bincikena a kan baƙi ne, wato yadda mutum ke barin ƙasarsu ya zauna a wata, da irin kallon da masu ƙasar ke yi masa. Rabin farko na aikin a can na yi shi, tsakanin 'yan Afirka masu share tashoshin jirgin ƙasa da masu jinyar tsofaffi. Rabi na biyu kuwa shawarar malamar da ke duba aikina ce. Ta ce tunda na ga yadda ake karɓar mutanenmu a ƙasarsu, in koma gida in ga yadda mu muke karɓar namu baƙin.

Babana tsohon soja ne, ya yi ritaya da igiya uku, duk unguwa Saje ake ce masa. Ni kuma Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Washegarin isowata, bayan mun sha kunu, ya zauna a kan benci gindin mangwaron tsakar gida, ya sa tabarau, ya ce in ba shi takarda ɗaya ya gani. Ya daɗe yana bin ta da yatsa, leɓensa na motsi.

"A can ƙasar, me suke ce miki?"

Na ce masa a can ni baƙar fata ce kawai. Ba wanda ya taɓa tambayata yarena. Da ni da mutumin Kongo da mutumin Jamaika duk kwando ɗaya ake zuba mu. Na ba shi labarin yadda kujerar da ke kusa da ni a jirgin ƙasa takan zama ta ƙarshe da za a zauna a kai, da yadda mai gadin ɗakin karatu ya yi wata uku yana neman katina alhali yana barin abokan karatuna su wuce. Na ƙara da cewa na taɓa gaya wa malamata a rubutun Hausa kalmar baƙi ɗaya ce, ko launi ake nufi ko mutanen da suka zo daga wani wuri, sai a baki ake rarrabewa, kuma ta ji daɗin abin har ta rubuta a littafinta.

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a kan tambaya ta huɗu, inda na rubuta: kai ɗan ƙasa ne ko baƙo?

"Ke wanne za ki cika?"

A bariki aka haife ni, can Kudu, mun zauna garuruwa biyar kafin in gama firamare. A Legas Bahaushiya ce ni. Da na je jami'a a Kano na zama Badakkariya, ana kwaikwayon Hausata a ɗakin kwana. A Zuru kuma, in na yi C'lela, yarenmu na Dakarkari, 'yan'uwan Mama sukan riƙe ciki don dariya, kakata ma har ta rasu 'yar bariki take ce mini.

"Wannan tambaya ce ta kimiyya, Baba," na ce.

"To," ya ce, ya miƙo mini takardata.

Kwana uku na yi ina yawo a kasuwa ni kaɗai, da rakoda a hannu da katin jami'a a wuya. Wani Inyamuri mai sayar da kayan babur, wanda na san tun ina yarinya yana wurin, ya dubi katin, ya ce shi ba shi da lokaci. Wasu Zabarmawa masu sayar da atamfa suka tattara kayansu suka koma wata rumfa. Wata Bayarabiya mai kayan koli ta amsa mini duka tambayoyin da "lafiya lau", har da ta shekarun haihuwa. Daga baya na ji an baza cewa gwamnati ta turo wata mata tana rubuta sunayen waɗanda ba 'yan gari ba.

Rana ta huɗu na fito da safe na tarar Baba ya goge babur ɗinsa, ya sa hularsa ta zuwa coci.

"Cire wannan abin daga wuyanki. Takardun ma ki bar su. Hau."

Haka muka yi mako biyu. Mukan je wurin mutum, Baba ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi dawa, ya ce ga 'yarsa ta dawo daga karatu ta zo gaisuwa. Mu sha ruwa mu tashi. Ba tambaya ko ɗaya. Ni duk hankalina yana kan kwanakin da suka rage mini, shi kuwa ko a jikinsa. Sai a zuwa na biyu ko na uku zai ce, kamar abin ya faɗo masa ne, "Yarinyar nan fa makarantarsu sun ce ta rubuto yadda mutane suka zo garin nan. Ni na ce mata ai kai ka riga kwalta zuwa." Daga nan sai labari ya ɓalle. Mai kayan babur ɗin nan sai da ya riƙe mu har azahar, ya aika aka sayo mana tsire. Mun je Dirin Daji ranar kasuwa, mun je Mahuta, ina bayan babur ina riƙe da rigar Baba kamar 'yar firamare, ni da nake koyar da ɗaliban ajin farko a jami'ar Turawa.

Akwai mutum ɗaya da na yi mamakin Baba bai kai ni wurinsa ba, ga shi kuwa amininsa ne. Mutumin Gana ne, tsohon malamin Turanci, kowa Tica yake ce masa. Kusan kullum da la'asar sukan buga dara da Baba a ƙofar gidansa. Da na yi maganarsa, Baba ya ce, "Wannan ai ba baƙo ba ne." Da na matsa, ya ce sai wani mako. Mama ce ta gaji da mu, wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta ce, "Kai ta mana. Mi kake tsoro?"

Gidan Tica yana bayan tsohuwar makarantar da ya koyar. Dogo ne siriri, Hausarsa irin ta zangon Kumasi, wadda ya zo da ita tun daga gida, sai ya haɗa ta da C'lela mai kyau da ta fi tawa nesa ba kusa ba. Matarsa 'yar wajen Kanya ce, gajeriya mai yawan dariya. Ta kawo mana gyaɗa dafaffiya ta zauna a kan turmi tana gyara masa labari duk inda ya kauce.

Ya ce yana saurayi ya zo, lokacin da makarantun Arewa ke neman malamai ko daga ina. Ya ga matar tasa, tana budurwa, a kasuwa tana sayar da dawa. Da ya aika wurin iyayenta, uban ya ce shi bai san wata Gana ba, abin da ya sani golmo ne, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita.

"Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba," in ji Tica. "Ranar Juma'a in ajiye alli, in hau keke zuwa Kanya. Ranar Litinin in dawo hannuna duk ya yi kanta, ba na iya rubutu a allo."

"Kunyar da yake yi a gona duk a karkace," matar ta ce. "Ƙannena ke bi suna gyarawa."

Yana damina ta uku sai gwamnati ta ba da umarni duk baƙon da takardunsa ba su cika ba ya bar ƙasar. Nasa sun ƙare bai sabunta ba. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya ce ba yadda zai yi. Abokansa 'yan Gana suka ɗaure kaya suka nufi tasha. Shi ma ya ɗaure nasa, amma ya ce bari ya je Kanya ya yi sallama. Uban yarinyar ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce wanda ya yi masa noma damina uku bai san shi da sunan baƙo ba, kuma saura damina huɗu, ba inda za shi. Ya sa aka kai shi wata bukkar gona a kan dutse. Wata biyar ya yi a can yana korar birai daga dawa, yarinyar na kai masa tuwo. Da ya sauko ƙura ta lafa, ba wanda ya ce masa kanzil. Daga baya ya gyara takardunsa ya koma aji.

Ina ta rubutu cike da murna, domin na san na sami babi guda. Sai Tica ya juya ya dubi Baba.

"Saje, kai ma ba ta naka."

Baba yana ta juya ɓawon gyaɗa a tafin hannu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, a wannan lokacin shi yana Legas, kuma yana cikin waɗanda aka tura hanyar kan iyaka su tsare layi. Mutane sun yi kwanaki zaune a rana a kan kayansu suna jiran mota. Ya ce bai daki kowa ba, amma ya daka tsawa, ya daka da yawa. Akwai wata mata da goyo da ta roƙe shi da Hausa ya taimaka ya ɗora mata keken ɗinkinta a kan mota, ya ce ta matsa, ba aikinsa ba ne. Motar ta tashi da ita, keken na gefen titi.

"Har yau ina ganin keken nan," ya ce.

Shekarata talatin da biyu a lokacin, ban taɓa jin wannan ba. Na sa hannu zan kashe rakoda, Baba ya ce in bar ta.

Tica ya ce shekarar da Baba ya yi ritaya ya dawo gida, ya zo har ƙofar nan ya gaya masa wannan labarin, tun ba su saba ba, don kawai an ce masa akwai ɗan Gana a unguwar. "Na ce masa, to ni me zan yi maka, ni ba keken ɗinki gare ni ba. Ka iya dara? Ya ce ya iya. Ƙarya yake, har yau bai iya ba."

Matar ta fashe da dariya, Baba ma ya yi, yana share ido da bakin hula.

Sai da muka iso gida yana jingine babur na ce, "Baba, in rubuta?" Ya ce in rubuta duka, kada in gyara shi. Na bayyana masa cewa dokar bincike ba ta yarda a sa sunan mutum ba, lamba ake ba kowa, shi zai zama Mai Amsa na Sha Huɗu.

"Na sha huɗu? Ni da na kai ki wurin sauran sha ukun?"

Har na koma Turai yana mitar wannan lambar.

Babin ya ba ni wahala. Malamata ta karanta ta ce yana da kyau, amma ta ja layi a ƙarƙashin wani sakin layi ta rubuta a gefe cewa a nan 'ya ce ke magana, ba mai bincike ba. Gaskiyarta ne. Sau shida na sake rubuta wurin. Na kuma cire tambaya ta huɗu daga aikin gaba ɗaya, na yi shafi uku ina bayanin dalili, kuma ranar kare kundin a kan waɗannan shafuka ukun masu jarrabawa suka fi tsare ni. Kafin in miƙa, na aika wa Tica babin don ya ga ko na faɗi daidai. Ya dawo mini da shi duk jan biro. Bai taɓa labarin ba ko kaɗan, waƙafi da aya kawai ya bi ya gyara, a ƙarshe ya rubuta cewa in rage dogayen jimloli.

Yanzu ina koyarwa a wata jami'a a nan gida, ina kuma zuwa Zuru duk hutu. Baba ya daina hawa babur, gwiwa ta hana. Shekara biyu da suka wuce 'ya'yan Tica suka haɗu suka tura shi Gana tare da matarsa, karo na farko tun rasuwar mahaifiyarsa. An shirya zai yi wata biyu, sai ga shi bayan mako uku. Na je yi masa barka da dawowa na tarar yana ba Baba labari cikin fushi. Ya ce a garinsu yara ɗan Najeriya suke ce masa, direbobi suna jin maganarsa sai su tambaye shi daga ina, abincin ma duk ya yi masa yaji, tuwon dawa kawai yake marmari.

Matar kuwa ba ta so dawowa ba. Ba ta taɓa ganin teku ba sai a tafiyar nan. Ta ce kullum da safe sai ta sa jikar ƙanwarsa ta raka ta bakin ruwa, ta zauna tana kallon masunta suna jan koma suna waƙa. Ta kawo mini busasshen kifi a ƙunshe cikin jarida, ta jawo ni gefe ta ce in yi wa 'ya'yanta magana, tunda suna jin tawa, baɗi su sake tura ta. In shi ba ya zuwa, ya zauna ya yi gadin gida.