Haulatu da Motar da Aka Ɗaga

Haulatu haifaffiyar Sabon Ibadan ce. A nan aka yanke mata cibiya, a nan aka ɗaura mata aure, kuma in ka ce ta nuna maka hanyar Arewa, iyakarta tashar Ojoo. Gajeruwar mace ce mai jiki, ga kunya kamar ta kashe ta. Sana'arta alkaki da dubulan, daga cikin gida take yi, kuma duk bikin da aka yi a unguwa ba da alkakinta ba, an yi ne kawai don kada a ce ba a yi ba. Hayaƙin murhu ya ci mata ido, tsugunno ya ci mata gwiwa, 'ya'ya suka ƙarasa sauran.

Mijinta Sammani direba ne. Yana da tsohuwar akori-kura 'yar Japan da ya saya tun farkon shekarun tamanin, da ita yake ɗauko goro daga ƙauyukan hanyar Ijebu ya kawo wa fatake. Ba mugun mutum ba ne, ko kusa. Sai dai irin mazan nan ne da in ba ka buɗe baki ka ce musu wuta ta kama ba, ba za su ji ƙauri ba.

Fitar Haulatu ɗaya ce a mako. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Sammani ya kai ta Ojoo wurin mahaifiyarta, Inna Madina, wadda ke zaune a gidan ɗanta Maharazu, ido ya tafi, ƙafa ta kumbura. Haulatu ta tsefe mata kai, ta yanke mata farce, ta shafa mata man zafi, su yi gulmar 'yan uwa har la'asar ta yi sanyi. Duk wahalar mako da wannan yinin take wanke ta.

To, damina ce ta jawo komai. Hanyoyin ƙauyen goro in ruwa ya sauka ba hanyoyi ba ne, kunu ne. Motar ta zauna a kan cikinta a taɓo, goro ya kwana a daji ya lalace. A wata daminar farkon shekarun casa'in Sammani ya gaji, ya kai ta wurin Rasaki, bakaniken unguwar Mokola. Rasaki ya kwance bodin daga kan shasi, ya cusa ƙarafa a tsakani, ya ɗaure da dogayen kusoshi, ya sa mata manyan tayoyi. Mota ta dawo Sabo tana kallon kowa daga sama.

'Yan majalisar bakin titi suka samu abin taunawa. Babandi mai shayi ya ce wannan a kwana sai ta yi tangaɗi, kuma 'yan dako sai sun tsine kafin su cilla huhun goro can sama. Sammani ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi dai yanzu ba taɓon da zai riƙe shi. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Mota ta daina kwana a daji, ta kuma koyi rawa a kwana har sai ya rage gudu kamar mai ɗauke da ƙwai. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne Haulatu.

Lungun gidansu mota ba ta shiga, dole a bakin titi take tsayawa, daidai gaban majalisa. Juma'ar farko Haulatu ta fito da mayafinta da ƙunshin alkaki, ta buɗe ƙofa, ta ga bakin motar ya kai mata cinya. Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, zani ya buɗe har sama da gwiwa, a gaban dattawa sa'annin ubanta. Wani ya yi tari. Sammani ya miƙo hannu daga ciki ya jawo ta kamar buhu yana dariya.

"Kai, Haule, kin fa yi nauyi!"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Juma'ar da ta biyo ta ce kanta na ciwo. Ta gaba ta ce akwai alkakin biki. Ta fito da kujera ta taka? Wannan ai shelar abin da ya faru ce. Ta ce ya bar ta ta shiga danfo, bas ɗin haya? Sai ya ce ga mota a ƙofar gida, me za ta yi a cikin cunkoson maza, sannan dole ta faɗi dalili. Ita kuwa an raine ta a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai ta riƙa ba shi ƙunshin ya kai, shi ma ya karɓa, ko sau ɗaya bai tambaya ba.

Wata rana ya dawo ya ce, "Inna ta ce a tambaye ki, ko laifi ta yi miki?"

Haulatu ta shiga madafa ta yi kuka, ta ɗora wa hayaƙi laifi. Ta yi kewar uwarta, kewa mai cin rai. Kullum tana cewa Juma'a mai zuwa za ta daure, in ta zo, ta leƙa ta hango majalisa cike, sai ta koma ciki. Haka damina ta wuce, kaka ta wuce, aka shiga rani.

Da hantsin wata Talata Ya'u, direban tashar Ojoo, ya yi sallama ya ce jikin Inna ya tsananta, a zo yanzu. Haulatu ta san abin da ake nufi in an faɗi haka. Ta fito ba ko takalmi, ta tattare zani da hannu biyu, ta dafa kujerar motar Sammani ta haye. Wallahi ba ta san ko an kalle ta ba, ba ta ma tuna da akwai mutane a wurin ba.

Sun tarar rai ya yi halinsa, har an gama yi wa Inna wanka. Bayan an fita da ita, Najiba matar Maharazu ta zauna kusa da Haulatu, ba da nufin cin fuska ba, ta ce, "Yaya, duk Juma'a sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure. In ta ji motar ta tsaya sai ta kasa kunne, can ta ce, ƙofa ɗaya aka rufe, ku mai da ni ɗaki."

Sai bayan sadakar bakwai, a hanyar komawa gida, Sammani ya tambaye ta abin da ya sa ta daina zuwa. Ta gaji da ɓoyo, ta faɗa masa, idonta a kan titi. Ya taka birki har na baya suka yi masa ashar da Yarbanci.

"Ashe wannan ne? Haba, Haule! Ƙarfe ɗaya ne fa za a liƙa, aikin rabin yini!"

Ita ma ta san haka ne, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Washegari ya kai motar wurin mai walda, aka liƙa matakala mai faɗi a gefen fasinja, har da fenti. Ya shigo gida hannu duk baƙin mai, ya same ta a tsugune gaban kasko tana juya alkaki.

"Taso ki gwada, yanzu ko yaro zai hau."

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi.

"Sannu da ƙoƙari, maigida. In je ina?"