Mutumin Da Nima Ke Jira Ya Tashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Janairun 2025, Allah ya karɓi ran aminina Alhaji Zuberu, mai sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai, a gidansa da ke unguwar Nima, bayan doguwar jinya. Ina kan keken ɗinki a shagona na Maamobi 'yarsa Najat ta kira ni ta ce, "Baba Wahab, abokinka ya tafi." Na cire ƙafa daga kan keke, na daɗe zaune ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Zuberu, masu faɗin alherinka suna da yawa, kuma ba ƙarya za su yi ba. Ni dai abin da na fi saninka da shi rigima ce, wadda muka fara tun gashinmu yana baƙi, muka kai ta har furfura: yaushe ne ya kamata ɗan kallo ya miƙe tsaye ya tafa wa 'yan badujala?

Wanda bai san unguwanninmu ba zai ɗauka wasa ne. A Nima da Maamobi da wuya ka sami makarantar Islamiyya da ba ta da 'yan badujalarta, yara cikin kaki da ganguna manya da ƙanana, ga mai jefa sanda a gaba yana taƙama. Duk shekara bayan Mauludi ake haɗa su gasa a fili, a jera dogayen bencina na katako, alƙalai su zauna ƙarƙashin rumfa. A da, kowa tashi yake yi lokacin da ya ga dama. Uwa ta hango ɗanta ta miƙe tana guɗa, maƙwabta su miƙe don kara, na baya su miƙe don an tare musu gani. Ni kuwa, na san halina, ko yaro ya shigo fili yana neman takalminsa sai na tashi na tafa masa. Ni nake ɗinka musu kakin nan, da na ga ya zauna a jikinsu zuciyata sai ta narke.

Kai ne ka ce wannan ba girmamawa ba ce, hayaniya ce. Ka buga babbar ganga a ƙuruciyarka, kunnenka kuma bai taɓa tsufa ba. Kakan ce ba a tashi don yara sun shigo, ai shigowa ba aiki ba ce. Ba a tashi don mai sanda ya wurga ta sama, ko tulun ruwa aka wurga sama zai tafi. Sai bugun ƙarshe ya sauka, hannuwa duka a lokaci guda kamar hannun mutum ɗaya, an yi tsit, sannan in ƙafafunka suka ɗaga ka ba tare da sun yi shawara da kai ba, to ka tashi. "In ka tsaya kana tunani ko in tashi ko kar in tashi," in ji ka, "zauna abinka, ba a kai wurin ba." Na ce maka yara ne, tafi ba ya ƙarewa. Ka ce mini, "Cale, abokina, in ka tashi wa kowa, ranar da wani ya yi abin kirki hawa rufi za ka yi?"

Ba wa'azinka ne ya sa mutane suka bi ka ba, benci ne. Wata shekara duk mutanen da ke kan wani benci suka zabura lokaci guda saboda wani yaro ya yi alkafura, suka bar limaminmu shi kaɗai a can ƙarshe. Benci ya ɗaga, liman ya tafi ƙasa, rawani gefe, carbi gefe. Daga ranar aka gane cewa tashin nan yana buƙatar jagora. Da yake kai ne ba ka tashi a banza, sai aka mayar da kai agogo. Kana bencin gaba, kowa ido ɗaya a kan yara, ɗaya a ƙeyarka. In ka miƙe, fili ya miƙe. In ka zauna, a ɗan tafa daga zaune a wuce wurin. Har alƙalai na sha kama su suna satar kallonka kafin su sa alƙalami.

Kada wani ya ɗauka mugu ne kai. Wa ke bin gidaje da Babbar Sallah yana roƙon fatun layya don a rufe gangunan makarantu? Wa ke kwasar yara da gangunansu a tsohuwar a-kori-kurarsa wadda sai an tura take tashi? Waɗanda ka ƙi tashi musu, kai ne na farko da ke zagayawa bayan fili ka same su suna kuka, ka saya musu koko da ƙosai, ka karɓi sandar kiɗa ka nuna musu inda hannu ya zame. Rowarka ɗaya ce a duniya, ta miƙewa tsaye.

Kuma babu wanda wannan rowa ta ci kamar 'yarka Najat. Tun tana ƙarama take buga ƙaramar ganga, ta girma ta zama malama, ta kafa ƙungiyar 'yan mata zalla a makarantar da take koyarwa, abin da da farko aka yi ta yi mata dariya a kai. Shekara da shekaru tana kawo su gasa. Sun ci kofi, ba sau ɗaya ba, amma ba kofin take kallo ba. Da sun sauke bugun ƙarshe sai ta juyo ta dubi bencin gaba, ta same ka zaune daram, kana ɗan tafi da yatsu kamar mai kakkaɓe gari. Hajiya Memuna, mahaifiyarta, ta yi fushi da kai har ta daina sa maka nama a miya. Na ce maka, "Zuberu, 'yarka ce fa." Ka ce, "Shi ya sa. In na tashi mata da ƙarya ita za ta fara ganewa. Yarinyar da ke layi na biyu tana riga sauran sauke hannu."

Abin da ya ƙara wa Najat ciwo shi ne shekarar da ka tashi wa yaran Abdul-Razak, mai horar da wata ƙungiya a Maamobi. Duk wanda ya je filin ranar ya san ba su yi abin kirki ba. Mai sandarsu ya wurga ta sama ta dawo ta same shi a tsakar ka, masu ganga rabi suka yi gabas rabi suka yi yamma. Ana cikin haka sai ga Alhaji Zuberu ya zabura tsaye yana buga cinya da ƙarfi. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, tafi da guɗa har unguwar Kanda ana ji. Alƙalai suka dubi juna, kowa yana jin kunyar ya ce shi bai ga abin da Alhaji ya gani ba, suka ba su kofi. Har gobe Abdul-Razak yana ba da labarin shekarar da ya tayar da Zuberu.

Abdul-Razak, ka yi haƙuri, yau zan faɗa, tun da mai sirrin ya tafi: cinnaka ce ta shiga wandonsa. Ni ina gefensa, na ga komai. Da na ce mu gaya wa mutane, sai ya hana ni, ya ce yaran sun riga sun ɗauki hoto da kofi, wa zai je ya ce musu cinnaka ce ta ci musu gasa? Ko Najat bai gaya wa ba, duk da ta tare shi a ƙofar gida tana hawaye tana cewa, "Baba, sanda ta faɗi kan yaro ka tashi, ni da ban taɓa yar da sanda ba ko motsi ba ka yi." Kai kuwa Zuberu, ka sunkuyar da kai ka shige. Ranar na ga abin ya dame ka ƙwarai, paa, kamar yadda muke cewa a nan.

Sai bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ka. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin maganarka, baki ya karkace, magana sai wanda ya saba da kai ke ganewa. Da gasa ta zo Hajiya ta ce ba inda za ka, ka yi ta buga hannun kujera har ta gaji ta ce a kai ka. Ni na turo ka a keken marasa lafiya, na ajiye ka a gaba inda ka saba. Babu wanda ya furta, amma duk mun san da wuya ka ga wata gasar, Najat ma ta sani.

'Yan matanta ne suka shigo a ƙarshe. Ni ba masanin kiɗa ba ne, tela ne, amma ranar ko ni na ji bambanci. Ba su yi alkafura ba, ba su yi wani abin burgewa da jiki ba. Kiɗa kawai suka yi, ya yi ƙasa har kana jin takun ƙafafunsu, ya taso a hankali har ƙirjina yana amsawa, sannan suka sauke bugun ƙarshe. Ɗaya tak na ji.

Aka yi tsit. Tsit ɗin ya yi tsawo. Na waiwaya na ga fili cike da mutane, kowa ya ɗora hannu a gwiwa yana shirin tashi, kowa ya zuba wa ƙeyarka ido. Jama'ar Nima da Maamobi, da malamansu da alhazansu, sun saba da jiranka har sun manta cewa mutumin da suke jira ba ya iya tashi. Abin kunya, har da ni, ni da nake tashi wa yaro mai neman takalmi. Najat tana tsakiyar fili a ƙame, ta dube ka, ta ga kana zaune kamar kullum, sai ta sunkuyar da kai ta fara juya 'yan matanta su fita.

Sai na ji an damƙi rigata. Kana ta magana, ni kuma na ɗauka ruwa kake so, na miƙo maka gora. Ka ture ta, ka tattaro duk ƙarfin da ya rage maka, ka ce da muryar da har bencin baya aka ji, "Wahab, sakarai, ɗaga ni!"

Ni da Abdul-Razak muka shiga ƙarƙashin hammatarka muka ɗaga. Nauyi gare ka, bawan Allah, ciwo bai rage maka komai ba. Ka tsaya a kan ƙafa ɗaya kana rawar jiki, kana neman abin da za ka tafa da shi, hannu ɗaya ne kuma ke aiki. Hulata ta riga ta faɗi, sai ka sami sanƙona a kusa, ka yi ta tafi a kai. Ban taɓa shan mari mai daɗinsa ba. Fili ya tashi da wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, Hajiya Memuna tana guɗa tana kuka. Najat ta juyo ta gan ka tsaye. Malama guda, a gaban ɗalibanta, ta yar da sandarta a ƙasa ta rugo ta rungume ka, mu huɗu muka kusa zubewa. Da kyar na ji abin da ka ce mata a kunne: "Yau babu wadda ta riga wata."

Na biyu suka zo a gasar, in ji waɗanda suka tsaya jin sakamako. Ita ba ta tsaya ba, tana can tana tura keken ubanta zuwa gida, tana dariya ita kaɗai a titi.

Da la'asar ɗin ranar da ka rasu muka yi maka sallah. Sahu ya cika titi ya karya kwana, tsofaffin 'yan badujala da suka zama direbobi da 'yan kasuwa sun zo daga kasuwannin Agbogbloshie da Abossey Okai, wasu da baƙin mai a hannu. Sallar gawa ba a zama a cikinta. Duk muka tsaya maka, Zuberu, daga kabbarar farko har sallama, kuma babu wanda ya waiwaya ya ga ko wani ya tashi kafin shi ya tashi. Na yi kuka a cikin sahu, ban ɓoye ba. Na rasa abokin gardama, ban kuma san wa zan riƙa kallo a fili ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Memuna, da Najat da 'yan'uwanta, da dukkan yaran da suka taɓa rataya ganga a Nima da Maamobi. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Zuberu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ranar da za a tashi kowa, ka tashe shi da ƙafafu biyu lafiyayyu, cikin waɗanda ka yarda da su. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.