Ranar da Yaya Hansatu ta kira sunan Buba

"Inna, in ba ki ce e da bakinki ba, ba zan ɗebi jininki ba. Dokar bincikenmu kenan."

Wata matashiyar likita ce ta faɗa wa yayata Hansatu haka jiya a asibiti a Dutse.

Yaya ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ina kike lokacin Buba?"

Buba ɗanta ne na fari. Zamanin soja wasu baƙi suka zo rugarmu wajen Aujara gwada sabon magani a kan yara, suka tambaye ta ko ta yarda. Bafulatana kuwa ba ta tanka zancen ɗan fari gaban mutane, sai ta kau da kai. Suka ɗauka ta amince, suka yi masa allura. Tun daga nan ya kurumce.

Ni da na tashi daga kiwo har na mallaki shaguna da gumina, ba asibitin da ban kai shi ba. A banza.

Jiya na fara jin sunansa a bakinta. Yana zaune kusa da ita, bai ji ba.

Jama'a, wa zan kai wa ƙara yanzu?