Lallen Kakata

Shekarar da madatsar ruwan Bakolori ta tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Maradun, kakata ba ta yi gardama a kan ɗakinta ba, a kan lallenta ta yi. Tsohon lalle ne a bayan rumbu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Motar kwasar kaya ta zo da bazara, babana ya ɗauko fartanya zai tumɓuke shi, ta tare shi.

"Kai, aje! Wa ka cire lalle cikin wanga zahi? Sai ruwa ya sauka."

Haka muka tafi muka bar shi. Da aka yi ruwan shuka, ta matsa wa babana ya mayar da ita tsohon ƙauyen a kan jaki. Ta sare rassan, ta sa ya haƙa nesa da gindin, suka ɗago saiwar da ƙasarta, suka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Da rana ta yi sanyi ta dasa shi a sabon gidanmu, kan tudu mai tsakuwa.

Kafin Sallah ya yi ganye shar, ni kuwa ina son ƙunshi kamar sauran 'yan mata. Na miƙa hannu ke nan ta buge shi.

"Bana ba a taɓa shi. Baƙo na, kamar mu. Ke, tun da munka zo, kin yi barcin kirki?"

Na janye hannuna. Lallen ya kama, yana nan har yau. Ita ce har ta rasu ba ta saba da tudun nan ba.