Yadda Manaja Ya Cinye Mana Batiri Kafin Katagum

Mun tashi daga Bauchi da asuba, ni da mai ɗaukar sauti da direba, a cikin tsohuwar Fijo, kyamara a cinyata kamar jinjiri. Wani kamfanin sayar da injin ban-ruwa ne ya ɗauke mu, mu ɗauko masa manoman Katagum suna yaba kayansa.

Hanya ba laifi har Misau, daga nan ramuka suka yi ta girgiza mana hanji. A tashar Azare muka karya da masa mai zafi da arha, har direba ya nemi ƙari.

Manajan kamfanin na Azare ya tare mu cikin babbar riga, ya ce da shi za a fara. Na ce, "Ranka ya daɗe, batirinmu ba yawa, ga shi an ɗauke wuta."

"Kai dai ɗauka," in ji shi.

Ya karanta jawabi, ya canza hula, ya sake. Ya ce tumbinsa ya fito, ya sake. Akawunsa, wata 'yar kudancin Bauchi, tana riƙe masa madubi tana cije leɓe. Ni kuwa ina ta duba batiri yana raguwa.

Ba mu isa fadamar Katagum ba sai bayan azahar. Manoma na zaune a rana, sun bar aikinsu tun hantsi. Wani dattijo ya ce, "Malam, albasata na can tana jiran ruwa, ni ina nan ina jiranku." Na yi sauri na kafa kyamara.

Aka tayar da inji. Manaja ya ce shi zai riƙe mesar ruwan. Ruwa na zuwa ta kufce masa, ta wanke shi da laka tun daga hula har takalmi. Wannan kam na ɗauka tsaf. Na juya kan dattijon, ya gyara murya, ya ce "Bismillahi," kyamara ta mutu.

Manaja bai ba kowa haƙuri ba. Ya shige motarsa yana ɗiga, ya bar ni ina bin manoma da ban-baki.

Muna komawa Bauchi muka tarar manaja ya riga ya yi wa maigidanmu waya: wai ba mu iya aiki ba. Na sa wa maigidanmu kaset ɗin. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce mu koma, a wannan Fijon.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mai babbar riga a ƙarshe ake ɗaukarsa. In batiri zai mutu, ya mutu a kansa.