Sista Alimot Da Kunnen Gyang

Ƙarfe bakwai ba ta cika sai Sista Alimot Kolawole ta baro gidansu na unguwar Congo-Russia, ta buɗe ɗakin masu ciwon kunne da hanci da maƙogwaro a asibiti. Kafin likita ya iso ta tafasa kayan aiki, ta goge madubin da yake ɗaurawa a goshi, ta jera marasa lafiya a benci. Shekara ashirin da tara tana haka, har watan jiya da ta ajiye aiki.

Ba ta faɗa sai da masu ɗura wa yaro kananzir a kunne. "Kunne ne ko fitila?" Ƙwayar waken da ta ciro daga hancin yara za ta yi tukunya guda. Ita ta gane cewa jirin da ke kayar da Ladi mai ƙosai ba iskoki ba ne, ruwan kunne ne ke neman ƙwaƙwalwa, ta tsaya a kan likita sai da ya duba ta a ranar. Ladi na nan tana suya.

Amma abin da nake yawan juyawa a raina shi ne maganar Gyang.

Gyang ma'aikacin kuza ne a Bukuru. Shi ke riƙe da babban bututun ruwan da ake farfasa bangon rami da shi, mutane na aiki a ƙasa. Idan bango ya tsage, mai gadi ya busa usur, shi kuma ya kashe ruwa nan take. Shekara sha bakwai ƙarar injin ruwan na cin kunnensa. Bara kamfani ya turo ma'aikatansa gwajin kunne. Yadda ake yi, Sista ta faɗi kalma a hankali, mutum ya maimaita. Gyang bai kuskure ko ɗaya ba. Sai dai ta lura idonsa bai taɓa barin leɓenta ba. Ta juya shi ya fuskanci bango, ta tsaya a bayansa.

"Gyang, 'ya'yanka nawa?"

Shiru. Ta ɗaga murya. Shiru. Da ta zagayo gabansa, ya ga fuskarta, ya san ta gane.

"Mama, rufa mini asiri. Oga ba zai bar kurma a kan injin ba. Mutum tara ke ci a hannuna."

Ta kalle shi sosai don ya karanta bakinta. "Waɗanda ke cikin ramin fa, ɗana? Mutum nawa ke ci a hannunsu?"

"Ina kallon bangon da idona!"

"Ido ɗaya a bango, ɗaya a ruwa. Da wanne za ka ga usur?"

Ta daɗe riƙe da alƙalami. Layi ɗaya ne za ta rubuta a takardar gwajin, kuma likita ba ya sake duba abin da ta rubuta. Ta rubuta gaskiya. Cikin mako biyu aka sallame shi. Asabar uku a jere ta shiga mota zuwa Vom, sai da ta samo masa aikin kiwon shanun madara, aikin da bai kai na da ba ko kusa.

Ga inda abin yake da nauyi: har yau ramin nan bai rufta ba. Wataƙila da ta yi shiru, da ba abin da ya faru. Ita ma ta san haka, ba ta kuma taɓa cewa ta ceci kowa ba. Alheri mai sauƙi shi ne wanda ake gode maka a kansa. Sista, ke ce kika ɗauki ɗayan, wanda ba shi da shaida sai Allah.

Na sami Gyang a Vom, na rubuta masa tambayata game da Sista a takarda. Ya ce, "Har gobe ina jin haushinta. Amma da kunnen 'yata ya fara ruwa, wurinta na kai ta. Ita ce ba za ta yi mini ƙarya ba."

Mun gode, Sista Alimot. Allah ya sa ki huta lafiya. Ku da kuka gaji ɗakin nan, idan rana irin wannan ta zo muku, ku rubuta abin da kuka gani, sannan ku bi mutumin har inda gaskiyar ta jefa shi.